Shawarar Lauya: Motata 'yar Kwatano tana cikin waɗanda aka kira a Amurka

Barista, na sayi Hyundai Elantra ƙirar 2013 a wajen wani dillali wata biyu da suka wuce. Yanzu ƙanena ya ce a Amurka kamfani ya kira irinta, wato ya ce a mayar da su a gyara, saboda matsalar birki. Wa zan kama, kamfani ko dillali?

Malam, ƙanenka bai yi ƙarya ba. A watan Satumban 2023 Hyundai da Kia suka kira motoci sama da miliyan 3 a Amurka, kuma Elantra ta 2011 zuwa 2015 na ciki. Man birki ne ke iya yoyo cikin na'urar ABS (mai hana tayoyi kullewa idan an taka birki), ya jawo tartsatsin lantarki, mota ta kama da wuta ko da a kashe take. Gyaran ɗan ƙarami ne, canjin fiyus. Amma tun daga daren yau ka daina kwantar da ita a garejin da ke manne da ɗakin yara. A fili za ta kwana, nesa da gini, abin da kamfanin da kansa ya ce ke nan.

Ka duba gindin gilashin gaba ta gefen direba, za ka ga lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Saka ta a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, zai nuna maka ko akwai kiran da ba a yi gyaransa ba. Mai yiwuwa wanda ya riƙe ta a can ya riga ya kai ta.

Idan ba a gyara ba, ga inda gizo ke saƙar. Dokar Amurka ta wajabta gyara kyauta ga motar da ba ta wuce shekara 15 da sayarwar farko ba lokacin da aka yi kiran, sai dai wannan doka ba ta hau jirgi tare da motarka ba. Ka rubuta wa wakilin kamfanin na nan, ka haɗa da lambar shasi, amma roƙo kake yi, kada ka shiga da faɗa.

Dillali ne a hannunka. Dokar kare masu saye ta Najeriya ta 2018, wadda hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ke aiwatarwa, ta ba ka damar mayar da kayan da ke da aibi cikin wata uku da karɓarsu, a gyara, a canza, ko a dawo da kuɗi. Wata biyu sun riga sun tafi. Idan a kotun shari'ar Musulunci za ka kai ƙara, akwai zaɓin mayar da kaya saboda aibin da ba a bayyana ba, kuma ci gaba da hawa bayan ka sani kan iya zama shaidar ka yarda. Na san amsar dillalai: "Ai yadda ka gan ta ka saya." To, yoyon da ke cikin ABS ba a ganin sa da zagaye mota a filin sayarwa.

A ganina, kada ka fara da kotu a kan fiyus. Rubuta masa takarda, ka nemi ya ɗauki kuɗin gyara a wajen ƙwararre. Ka adana rasit, da saƙonninku na WhatsApp, da hoton sakamakon binciken. Idan ya yi kunnen ƙashi, ka shigar da koke a FCCPC kafin wata na uku ya cika.