Bulo 420 ko 370? Amsa ga yarona mai shirin jarabawa

Ɗana, tambayoyi biyu ka haɗa mini. Ka ce ɗakin da za mu tayar a Mabera, mai ƙafa 12 kowane gefe, ka lissafa bulonsa da hanyar makaranta ka samu 420, ni kuma na ce wa mai gidan ya sayo 370 ba tare da na taɓa biro ba. Kana son sanin wa ke da gaskiya. Sannan ka ce jarabawar WAEC na tafe, lissafi ne ya kayar da kai bara, kuma ba ka ganin lokacin da za ka zauna da littafi tunda a wurin aiki kake wuni. Amsar ta biyu tana cikin ta farko, don haka bari mu fara da bulo.

Abin da ka yi daidai ne a bisa ƙa'ida. Ka mayar da ƙafa 12 mita 3.6, ka haɗa bango huɗu ya ba ka mita 14.4, ka ninka da tsayin mita 3 ka samu murabba'in mita 43.2. Ka cire ƙofa, 0.9 sau 2.1, wato 1.89. Ka cire taga, 1.2 sau 1.2, wato 1.44. Saura kusan 40. Ka ce bulo goma ke cika murabba'in mita ɗaya, 400 ke nan, ka ɗora kashi 5 cikin ɗari na wanda zai fashe, ya zama 420. Duk malamin da ya duba wanga aiki zai ba ka makinka cikakke.

Ni kuma da layi nake ƙirga. Tsawon bulo inci 18 ne, bango ƙafa 12 kuwa inci 144 ne, don haka bulo takwas ke cika layi ɗaya a bango ɗaya, 32 a zagayen ɗaki. Tsayin bulo inci 9, kwaɓin da ke ƙarƙashinsa kamar inci ɗaya, kowane layi na cin inci 10 ke nan. Tsayin bango ƙafa 10, wato inci 120 ne, layi 12. Ninka 32 sau 12, ka samu 384. Ƙofa na cinye wajen bulo 16, taga wajen 13 ko 14, a ce 30. Saura 354. Na ƙara na fashewa, na ce 370.

To ina hamsin ɗin suka shiga? Suna cikin kwaɓi. Goman nan da aka koya maka a murabba'in mita, an same ta ne daga fuskar bulo tsirara: 0.45 sau 0.225, wanda ya haura kashi ɗaya cikin goma na murabba'in mita da ɗan kaɗan. Amma ba a jera bulo tsirara. Idan ka ƙara wa tsawonsa da tsayinsa kaurin kwaɓi, ya koma 0.475 sau 0.25, kuma takwas da kusan rabi ne ke cika murabba'in mita. Masu ƙiyasi suna amfani da goma ne saboda ta riga ta ƙunshi rarar da za ta rufe fashewa da yanke-yanke. Kai kuma ka ɗauki goman, ka sake ɗora mata kashi 5. Sau biyu ka biya kuɗin fashewa. Nawa lissafin ma ba a kan gashi yake ba: ban ƙirga kwaɓin tsaye da ke tsakanin bulo da bulo ba, wanda ke rage adadi, ban kuma ƙirga kusurwoyi huɗu ba, waɗanda ke ƙara shi. Na bar su ne don na san kusan suna kashe juna a ɗaki irin wanga. A katanga doguwa marar kusurwa ba zan bar su ba.

Ka lura da abin da ya faru. Ninkawa ka iya, ragewa ka iya, kaso cikin ɗari ka iya. Abin da ya rage maka shi ne ka riƙa tambayar kowace lamba daga ina ta fito. Wannan shi ne abin da ke kayar da yara a jarabawa, musamman a tambayoyin da ake bayarwa da labari. Suna haddace ƙa'ida, amma idan aka sauya mata riga ba su gane ta. Kai kuwa Allah ya ba ka abin da ɗan ajinku bai samu ba: kullum kana tsaye a inda ake gwada amsa. Idan ka yi kuskure a takarda, sai malami ya duba kafin ka sani. A nan bango ne zai gaya maka kafin la'asar.

Ɗauki ranar da muke fitar da harsashin gini. Kana riƙe mini tef, na auna ƙafa 3 a igiya ɗaya daga turke, ƙafa 4 a ɗayar, na ce ka matsa har tsakaninsu ya zama ƙafa 5 cif. Ka yi wannan sau da yawa, ban sani ba ko ka taɓa haɗa shi da darasin Fitagoras da ke cikin littafinka. Shi ne dai. Uku sau uku 9, huɗu sau huɗu 16, a haɗa 25, wato biyar sau biyar. Sunan masanin Girka aka laƙaba wa ƙa'idar, amma mutanen Babila sun san ta tun kafin a haife shi, kuma duk maginin kirki yana aiki da ita ko bai taɓa shiga aji ba. Bambancinka da wanda bai yi makaranta ba shi ne kai za ka iya wuce uku, huɗu, biyar. Falo mai ƙafa 12 da 16, daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta dole ya zama ƙafa 20, domin 144 da 256 sun ba da 400. Ɗakinmu na 12 da 12, tushen 288 za ka nema, ƙafa 17 ne saura ƙasa da rabin inci. Fili mai 50 da 100, ƙafa 111.8. Idan ka ja tef ka ga gicciye biyun ba su zo daidai ba, ɗakin ya karkace, kuma mai tayil ne zai fara tsine maka, bayansa kafinta mai rufi. Gyaran turke minti biyu ne. Gyaran bangon da ya kai linta kuwa rushewa ne.

Kwaɓin kankare kuma darasin rabo ne gaba ɗayansa. Ɗaya, biyu, huɗu: siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Buhun siminti kilo 50 ne, ko na Kalambaina da ke nan kusa da mu ko na wani wuri, kuma yana cika kwanon gini biyu, irin wanda lebura ke ɗaukar kwaɓi da shi. Saboda haka buhu ɗaya na tafiya da yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas. Idan na ce a kwaɓa buhu uku da rabi, yashi nawa? Kada ka jira lebura ya ƙirga, ka riga shi: 14, tsakuwa 28. A nan akwai wani abu da nake so ka gani da idonka gobe. Kwano bakwai na busassun kaya ba sa ba da kwano bakwai na kankare, domin yashi na shigewa cikin ramukan tsakuwa, siminti kuma na shigewa cikin na yashi. Shi ya sa ake ƙara wajen rabi a kan girman da ake son cikawa kafin a raba shi bakwai. Daɓen ɗakin nan, 3.6 sau 3.6 sau kaurin 0.1, ya ba da kusan mita 1.3 mai tsawo da faɗi da zurfi. Kowane ɗaya na cin buhu shida da ɗan wani abu, sai ka ga buhu takwas muke nema. Wanda bai san wannan ba zai sayo biyar ko shida, aiki ya tsaya da tsakar rana, a zafin Sakkwato na watan Afrilu da ke wuce digiri 40, abin da aka zuba ya fara kamawa kafin a kawo ciko. Inda sabo ya haɗu da tsoho, nan tsagewa ke fara fitowa.

Ina jin zafin maginin da ke rage siminti don ya ci riba, yana cewa ido ne ma'auninsa. Mutane za su kwana ƙarƙashin abin da ya zuba, da yaransu. Lissafi a sana'armu amana ce kafin ya zama darasin jarabawa, kuma wanda ya iya shi ba ya cutar mai gida, ba a kuma cutarsa.

Tankin ruwa ma haka. Mai zagaye, faɗin bakinsa mita 2, zurfinsa mita 1.5. Rabin faɗin za ka ɗauka, wato 1, ka ninka shi da kansa, ka ninka da 22 bisa 7, ka ninka da zurfi: mita 4.71 mai tsawo da faɗi da zurfi. Kowane ɗaya lita 1,000 ne, lita 4,700 ke nan da ɗoriya, jarka 188 mai lita 25. Tarkon da ke nan shi ne a manta a raba faɗin biyu. Wanda ya manta, amsarsa za ta ninka huɗu, ya ce wa mai gida tankinsa na cin kusan lita 19,000. Da a ce ya ɗaga kai ya dubi tankin, da ya san ba zai yiwu ba. Ka riƙe wannan ɗabi'a har cikin zauren jarabawa: kafin ka ja layi ƙarƙashin amsa, ka tambayi kanka ko abin zai yiwu a duniya.

Aljabara da kake tsoro, ranar biyan kuɗi take zuwa. A ce ranar Litinin na biya birkila biyu da lebura uku naira 29,000, ranar Talata na biya birkila ɗaya da lebura biyu 16,000. Nawa ne kuɗin kowa? Kira na birkila x, na lebura y. Ninka na Talata biyu: birkila biyu da lebura huɗu, 32,000. Cire na Litinin, saura lebura ɗaya, 3,000. Birkila kuwa 10,000. Ka sha yin irin wannan a ka, ba ka dai san shi ne abin da ke ba ka tsoro idan aka rubuta shi da haruffa ba. Sai dai ka kiyaye wuri ɗaya da littafi da wurin aiki ke saɓawa. Littafi zai ce idan magina uku sun gama bango a kwana takwas, shida za su gama a kwana huɗu. A jarabawa ka rubuta huɗu. A wurin aiki ka tambaya tukuna ko akwai leburan da za su ishe su kwaɓi, da kuma wurin da mutum shida za su tsaya.

Kada kuma ka ɗauka lissafin ɓangare na boko ne kawai. A garin nan malamai sun daɗe suna koyar da ilimin rabon gado a zaure, kuma ɓangarori ne zalla. Mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku. Matar na da ɗaya bisa takwas. Sauran bakwai bisa takwas a raba wa 'ya'ya, namiji na ɗaukar rabon mata biyu: biyu da biyu da ɗaya da ɗaya da ɗaya, kashi bakwai cif. Kowace 'ya ɗaya bisa takwas, kowane ɗa biyu bisa takwas. Alƙali da malamai ne ke yanke rabo, ba mu ba, amma idan gida ne ko fili, sau da yawa magini ake kira ya ja tef ya kafa katanga. Ƙafa ɗaya da ka karkatar a nan haƙƙin maraya ne. Zakka ma ɗaya bisa arba'in ce a kuɗi, wato kashi 2.5 cikin ɗari, a hatsi kuma ɗaya bisa goma idan ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin idan da wahalar ban ruwa aka noma.

Sai dai kada ka ji wannan ka ajiye littafi. Akwai darussan da ba za ka tsince su a bakin harsashi ba, irin su logaridim da zanen jadawali da lissafin yiwuwa, waɗannan sai ka zauna da tsofaffin takardun WAEC da NECO bayan isha'i, ko da rabin awa ne. Kuma masu duba jarabawa suna ba da maki a kan matakai, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba. Hanyata ta lissafi a ka tana tayar da ɗaki, amma ba za ta ba ka kiredit ba, kuma ba tare da kiredit a lissafi ba, babu kwalejin fasaha ko jami'ar da za ta ɗauke ka karatun gini. Ina so ka je. Ina so wata rana ka karanta zanen injiniya ka gane dalilin kowane rodi, ba ka bi shi kawai ba.

Saboda haka ka sayi ƙaramin littafin rubutu mai shiga aljihu. Kowace safiya kafin a jiƙa siminti, zan ba ka aikin ranar, ka rubuta ƙiyasinka mataki-mataki da ma'aunin kowace lamba a gefenta, ƙafa ko mita ko lita, domin cakuɗa ƙafa da mita ya fi komai ɓata lissafi a wurin aiki. Da yamma ka ƙirga abin da aka ci a zahiri, ka rubuta a ƙasa, ka nemo dalilin bambancin. Na gobe shi ne katangar bayan gidan: tsawonta ƙafa 50, tsayinta layi tara, ginshiƙi mai faɗin inci 9 a kowace ƙafa 10, har da na farko da na ƙarshe. Ka fara da ƙirga ginshiƙan, ka kula, ba biyar ba ne. Ka kawo mini adadin bulo ta hanya biyu, taka da tawa, kafin motar yashi ta iso.