Kafin ka sake kwance wani hassas

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce babban mukayyif ɗin, wato na'urar sanyaya ɗaki, na saman kantin nan na Jidda kullum bayan Azahar sai ya ɗauke, allo ya nuna matsalar matsin gas na ɓangaren sama, wato ɓangaren da matsi ya fi yawa. Ka sa masa sabon hassas, ɗan abin da ke jin matsin gas, kwana biyu ya koma gidan jiya, shi ne kake tambaya ko jabu aka sayar maka.

Da wuya. Abin da na yi ta jira in ji a bakinka shi ne ka ɗaura geji, wato ma'aunin matsin gas, ban ji ba. Hassas ɗan rahoto ne, abin da ya ji a bututu shi yake kai wa kat, wato farantin lantarkin da ke sarrafa injin. Ko dai ƙarya yake yi, ko gaskiya ya faɗa ba ka so ji ba, kuma geji ne kaɗai zai raba gardama. Gani ya kori ji.

Da sassafe ka kashe injin, ka bar shi ya huce har matsin ɓangarorin biyu ya daidaita. A lokacin hassas na sama da na ƙasa da gejinka duk su faɗi kusan lamba ɗaya. In gas ɗin R410A ne, a zafin digiri 35 za ka ga wajen 295 psi, a digiri 40 kuma wajen 335. Wanda ya ware daga cikinsu, shi za ka tuhuma.

Daga nan sai mitar auna wuta. Yawancin hassas waya uku gare su: mai kawo bolt 5 daga kat, ta ƙasa, sai mai mayar da rahoto, wadda ke yawo tsakanin bolt 0.5 da 4.5. Duba jikinsa, an rubuta iyakarsa. In 0 zuwa 500 psi ne, bolt 2.5 na nufin 250. Ka ga sifili ƙaf ko 5 cif, to akasari waya ce ta tsinke ko ta haɗe. In kuma bolt 5 ɗin ne ya sauka, ka dinga zare hassas ɗaya bayan ɗaya, don guda ɗaya da ya ƙone a ciki yakan ja sauran ƙasa, kat ya yi ta kuka da kowa. A manyan cila, wato injinan sanyaya ruwa na otal-otal, hassas da yawa milli'am 4 zuwa 20 suke aikawa, kada ka je neman bolt a can.

Bari in ba ka nawa abin kunyar. Ina sabon zuwa, an kira ni wani gini kusa da teku. Na canza hassas biyu, na sa mai gini ya sayi kat da riyal ɗinsa masu yawa, injin bai fasa ba. Rana ta uku hannuna ya bugi filogin hassas ɗin, sai na ga lambar allo ta yi tsalle. Na zare shi, ƙafafunsa uku sun yi kore shar kamar tsohon kwabo. Danshin Bahar Maliya da gishirinsa ne suka cinye su. Har yau in na hau rufi a garin nan sai na girgiza filogi ina kallon allo kafin in taɓa sifana.

Tunda ka ɗaura sabo da hannunka, ka tabbata haƙorin cikinsa ya danna allurar bawul ɗin. In bai danna ba, lambarsa ba za ta bi geji ba.

Sai dai ni ba hassas nake zargi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ke jiran Azahar kullum, zafin rana yake bi, kuma na fi zaton matsin ne da gaske yake hawa har ya doshi 600 psi, inda injin ke kare kansa. Haska fitila ta bayan kwandensa, wato zara-zaran ƙarfen da ke fitar da zafi waje, ka gani ko haske na wucewa. Ƙurar ƙasar nan in ta haɗu da danshi laka take zama tsakanin zara-zaran ƙarfen, daga waje kuwa sai ka rantse tas yake. Duba fankokin duka suna juyawa da ƙarfinsu. Tsaya a bakin inda yake shan iska, ka ji ko numfashin injin maƙwabcinsa yake zuƙa, don masu gini kan cusa su a lungu su kewaye da katanga. Ka kuma tambayi mai kanti ko wani ya taɓa ƙara gas ba tare da sikeli ba.

Akwai ɗan makunnin matsi mai waya biyu kusa da kwamfiresa. Na san akwai masu haɗe wayoyinsa don injin ya yi shiru su karɓi kuɗi. In na ji ka yi haka, ni da kai ne.

Kada ka hau rufin da tsakar rana. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku. Ka wanke kwandensar da safe, ƙarfe uku ka koma da geji, ka turo min abin da geji ya ce, da abin da allo ya ce, da bolt ɗin wayar rahoto.