Ɗana ya daina magana bayan sanƙarau, an ce linzami ne

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa ɗaya da wata takwas. Da bazara ya yi sanƙarau, muka kwana 12 a asibiti, Allah ya tashi kafaɗunsa. Kafin ciwon yana cewa Baba da Umma, yanzu wata huɗu ke nan ko kalma ɗaya. Surukata ta ce linzami ne, a kira wanzami. Babansa ya ce maza ba sa saurin baki, in yi haƙuri. In an buga ƙofa yakan waiwayo, amma in na kira shi ta baya, shiru. Ko barci ba na iyawa. Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara masa lafiya, 'yar uwa. Hankalinki ya tashi a inda ya kamata. Yaron nan gwajin ji yake buƙata, kuma cikin makon nan.

Sanƙarau na cikin manyan abubuwan da ke kurmantar da yara a yankinmu. Ƙwayoyin cutar kan kai har sashen nan na can cikin kunne mai siffar katantanwa, su lalata shi. Wani lokaci cikinsa kan fara zama ƙashi cikin 'yan makonni ko watanni, kuma in ya toshe, dashen na'urar ji ta hanyar tiyata yakan yi wuya ƙwarai. Shi ya sa nake miki gaggawa. Waiwayen da yake yi in an buga ƙofa kada ya ruɗe ki: girgizar takan zo masa ta ƙasa da jikinsa, ko ya ga inuwa, ko yana jin ƙara mai ƙarfi amma muryar mutum ba ta isa gare shi.

Maganar linzami kuwa, wallahi ta ishe ni. Kusan kullum sai an kawo mini yaro mai shekara huɗu ko biyar, an tsaga masa ƙarƙashin harshe, wani har sau biyu, an cire beli, an ɗiga masa mai da ruwan ganye a kunne, sannan a ce Likita ga shi, ya ƙi magana. Ai ba ƙi ya yi ba! Yaro da kunne yake koyon magana, abin da bai ji ba ina zai samo shi ya faɗa? Ɗanki da bakinsa ya ce Baba, ya ce Umma. Harshen da ya furta su shi ne dai a bakinsa yau, linzami ba ya tsirowa don an yi zazzaɓi. Ko mai linzamin gaske ma yana magana, sai dai wasu haruffa su ba shi wahala. Abin da askar wanzami za ta ƙara masa shi ne zubar jini da ƙwayoyin cuta, sai kuma wata shida da za a ɓata ana jiran baki ya buɗe. Wannan jiran ya fi askar cutarwa, don a shekarun nan uku na farko ƙwaƙwalwa ta fi kama harshe.

Ba ra'ayina ba ne kawai. A 1998 Christine Yoshinaga-Itano da abokan aikinta a Kolorado ta Amurka sun duba yara 150 masu matsalar ji, suka ga waɗanda aka gano matsalarsu kafin su cika wata shida sun fi na baya iya harshe sosai. Ƙa'idar da ake bi yanzu ita ce a tantance jin jariri kafin wata 1, a tabbatar da matsalar in akwai kafin wata 3, a fara taimakonsa kafin wata 6. A nan gida ma, Bolajoko Olusanya ta nuna a Legas cewa ma'aikatan lafiya na unguwa za su iya tantance jarirai a wurin allurar BCG ta rigakafin tarin fuka. Mu kuwa sai yaro ya isa shiga firamare muke tuna yana da kunne.

Ki nemi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano. Ki ce ABR kike so a yi masa, wato gwajin da ke auna yadda jijiyar ji ke kai sauti ƙwaƙwalwa: wayoyi ake manna masa a goshi da bayan kunne yana barci, ba zafi, ba yanka. Gwajin OAE, wanda ake sa 'yar na'ura a ramin kunne a yi shi, shi kaɗai bai isa ga wanda ya yi sanƙarau ba. Ki tafi da katin sallamarsa don a ga alluran da aka yi masa, tunda irin su jentamaisin ma kan taɓa ji.

In sauran ji na nan, na'urar maƙalawa a kunne da horon magana za su taimaka. Ko ma mene ne sakamakon, ki fara yi masa maganar hannu tun yau, kina kallon fuskarsa kina furta kalmar, ba ta hana baki fitowa. Ranar gwajin kuma ki lallaɓa babansa ya bi ku, in da hali har da Hajiya, su ji bayanin daga bakin likita.