Google Maps ko Waze?

Malam, ka ce tsakanin Google Maps da Waze, manhajojin waya masu nuna hanya, wanne ya fi kai mutum inda za shi ba tare da ɓata ba. Google Maps ne, musamman in za ka fita daga gari. Kana iya sauke taswirar yankin a wayarka tun kana gida, ko sabis ya ɗauke za ta ci gaba da yi maka jagora.

Shi Waze, da Google ya saya a 2013, ƙarfinsa rahoton direbobi ne: cunkoso, hatsari, rufe hanya. Inda masu amfani da shi ba su da yawa, labarinsa ba ya cika. Sai dai a lungunan cikin birnin Kano dukkansu kan tura ka inda mota ba ta shiga, gara ka tsaya ka tambayi mai shago.