Batirin mota a kwale-kwale: me ya sa ba ya daɗewa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina kamun kifi a Farin Nilu, kusa da Kosti. Injin kwale-kwalena da igiya nake tayar da shi, amma da dare ina kunna fitilu biyu da ɗan famfon kwashe ruwa da batirin mota. Batir biyu ke nan suka mutu mini cikin shekara guda. Mai shago ya ce in sayi na jirgi, kuɗinsa kuwa ya fi yawa. Gaskiya ya faɗa ko ciniki yake nema?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mai shagon bai yi ƙarya ba, sai dai bai gaya maka duka ba. Batirin mota aikinsa ɗaya ne: ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙu, inji ya tashi, dainamo ya mayar masa da abin da ya rasa. Shi ya sa farantan darmar da ke cikinsa suke da yawa amma sirara. Kai kuwa tatsar sa kake yi dare guda har ya ƙafe, kuma duk lokacin da ya ƙafe farantan nan suna zaizayewa. Ga bugun igiyar ruwa da girgizar inji, ga zafin Kosti da kan wuce 40 a watan Mayu yana ƙafar da ruwansa. Ka ɗora wa doki kayan jaki, ba laifinsa ba ne.

Abin da ba a gaya maka ba shi ne na jirgin ma iri uku ne. Akwai na tayar da inji, akwai mai kaurin faranti da aka yi don a ja wutarsa a hankali, za ka ga an rubuta Deep Cycle a jikinsa, akwai kuma mai haɗa aikin biyu. Tunda da igiya kake tayarwa, na farkon ba shi da amfani a wurinka ko da an zana masa hoton jirgi. Na biyun za ka saya.

Sai lissafi. A batir mai volt 12, fitila mai wat 24 tana jan amfiya 2, amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ake ja. Biyu na awa 8 sun ci 32Ah (Ah shi ne amfiya sau awa), famfo ya ƙara nasa. Batir mai 100Ah rabinsa ne naka, wato 50, sauran ka bar masa in kana son ya yi ƙarko. Ka nemi ƙaramar mitar auna volt: 12.6 ya cika, 12.2 ya kai rabi, a nan za ka tsaya. Kana dawowa gaci ka ɗora shi a caji, ko da farantin sola ne, don kwana babu caji shi ke daskarar da farantan. In ruwansa ya ragu, tataccen ruwan da ake sayarwa don batir za ka zuba. Na ga masu ɗiban na kogi, kada ka bi su.

Wani kuma daga Bur Sudan yana tambaya me ya sa lambar MCA ta batirin jirgi ta fi CCA ta na mota girma. Duka biyun ƙarfin wutar tayar da inji suke nunawa, awon ne ya bambanta: ana auna CCA a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, MCA kuwa a sifili, don haka batir ɗaya ma lambarsa ta MCA za ta fi. Ka duba abin da littafin injinka ya nema, ka gwada iri da iri. Kai da kake kan ruwan gishiri, rufaffen batir mai alamar AGM ya fi maka, ba ya zubar da ruwa in jirgi ya karkata. Ka ɗaure shi cikin akwatin roba da iska ke shiga, saboda iskar da batir ke fitarwa lokacin caji tana kama wuta, sannan ka shafa wa kawunansa giris kafin tsatsa ta cinye su.