Jiƙa zaren rama a soda kafin a haɗa shi da roba: yana da amfani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina narka ledar fiya wata ina yin allunan roba a Sabon Gari, Zariya. Na zuba zaren rama a ciki don ƙarin ƙarfi, amma da damina ta sauka sai allunan suka kumbura, wanda ya karye kuma zaren zarewa yake yi tas kamar ba a taɓa haɗa su ba. Wani ya ce in riƙa jiƙa shi a sodar yin sabulu. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya ba, sai dai rabin maganar ya faɗa maka.

Ƙarfin rama yana cikin sinadarin selulos, amma a jikin zaren akwai kaki da wasu abubuwa masu danƙo, irin su hemiselulos da lignin. Su ne ke sa shi sulɓi, hemiselulos ɗin kuma shi ya fi zuƙar ruwa. Soda tana wanke wani ɓangarensu ta bar zaren da kaushi, kamar yadda magini ke sassara bango kafin ya yi filasta. Dabarar ta tsufa, tun 1844 wani Bature ɗan Ingila, John Mercer, ya gano ta a kan auduga.

Ka fara da giram 50 na soda a litar ruwa ɗaya, wato kusan kashi 5 cikin 100, ka jiƙa awa 2 zuwa 4. A ɗauraye har santsin ya ɓace, a sa binega kaɗan a ruwan ɗauraya don kashe sauran sodar, a sake ɗaurayewa. Kada ka ce bari ka ninka don aiki ya yi kyau. In ta haura kashi 10 ko aka bar shi ya kwana, selulos ɗin kansa za ta fara ci, ka tashi da zare mai tsinkewa a hannu. Sodar ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan soda ba, a bokitin roba, ban da tukunyar alminiyam, kuma da safar hannu da tabarau.

Shanya ce inda na fi ganin ana faɗuwa. Zaren da ka taɓa ka ji ya bushe yana iya riƙe da danshi, da ya shiga narkakkiyar leda kuma sai ya zama tururi ya bar ramuka. Nan ruwan sama ke samun masauki. A hunturun Zariya rana ta wadatar, amma a watan Agusta sai an ƙarasa da tanda mai zafin digiri 70 zuwa 80.

Ga rabin da aka ɓoye maka. Ledar fiya wata ba ta manne wa rama ko an jiƙa ramar a soda, cafkar kaushin kawai take yi. Masana'antu suna ƙara wani mahaɗi da ake kira MAPE, kashi 2 zuwa 5 na nauyi, wanda gefe ɗaya ke kama zare, ɗaya ya kama roba. In bai samu ba, kada zaren ya wuce kashi 30, a yayyanka shi gajeru, a tabbata roba ta rufe shi ko'ina, har bakin da aka yanka.

Sai wuta. Leda tana narkewa tun wajen digiri 110 zuwa 130, rama kuwa ta fara ƙonewa da an kusanci 200, kuma durom a kan itace ba ya jin wuyar wuce hakan. Bari ledar ta narke, a rage wuta, sannan a zuba zare. Gorar ruwa kada ma ka gwada, sai wajen 250 take narkewa.

Don ka gani da idonka, yi allo biyu, ɗaya da jiƙaƙƙen zare ɗaya babu, ka auna nauyinsu, ka nutsar a ruwa awa 24, ka sake aunawa. Gwajin ƙarfi na inji kuwa, ka tuntuɓi NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa da ke Basawa a Zariya, ko masu ilimin roba da saƙa a ABU, Samaru.