An biya ka kuɗin aiki, amma hoton na wa ne?

Malam, na karanta saƙonka. Ka ce ka ɗauki hotunan tseren babura a wajen garin Maradi, masu shirya tseren suka ba ka jika 30 kuɗin wuni, sai kawai ka tsinci ɗaya daga cikin hotunan a kan babban allon tallar wani mai sayar da kayan gyaran babur, an yanke sunanka da ke gefe. Da ka yi magana aka ce ai an sallame ka.

Sallamar da suka yi ta wahalar wuni ce, ta rana da ƙurar da ka sha kana durƙushe a bakin kwana kana jiran babur ya kwanto. Haƙƙin hoton kuwa dabam yake. A Nijar dokar haƙƙin mallaka mai lamba 2010-95, ta ranar 23 ga Disamba 2010, ta sanya hoto cikin ayyukan da take karewa, kuma kariyar tana farawa tun lokacin da ka ɗauke shi, ko ba ka yi rajista ba. Ba a sayar da wannan haƙƙi da fatar baki, sai a rubuce. Saboda haka tambayata ta farko: ka sa hannu a wata takarda? A manyan tsere irin Dakar, wanda a da yake ratsa Agadas da Tenere, sharuɗɗa kan zo tare da katin izinin shiga fili, masu hoto da yawa kuma ba sa karantawa. In babu takarda, kai ke da hoton. Ko da ka sayar ma, cire sunanka laifi ne mai zaman kansa.

Kafin ka sake tinkarar kowa, nemi wisiye, ma'aikacin shari'ar nan mai tabbatar da abu a rubuce, ya je ya ga allon ya rubuta. Allo kan ɓace dare ɗaya da zarar an ji ƙishin-ƙishin ƙara. Ka kuma adana katin kyamararka da ainihin hoton, da waɗanda ka ɗauka gabansa da bayansa. Wanda ya samo hoto ta WhatsApp ba shi da waɗannan.

Daga nan sai takardar gargaɗi ga mai allon: ko ya biya, ko ya sauke shi. Ni dai sulhu na fi so a nan, don gobe ma a fili ɗaya za ku haɗu. In ya ƙi, akwai hukumar BNDA mai kula da haƙƙin masu fasaha, akwai kuma babbar kotun Maradi inda za ka nemi diyya.

Hattara da abu ɗaya. In fuskar mai babur ɗin ta fito sarai, shi ma yana da ta cewa kan sanya shi a talla, don haka kada ka karɓi kuɗi ka bar allon a tsaye ba tare da yardarsa ba.